Itatuwan Tudun Mode

Tudun Mode, Bodinga
14 ga Maris, 1982

Yaya Lirwanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da aikin masaƙa. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara.

Na san sai ka duba sunan da ke ƙasa kafin ka fara karatu. Ni ce Hasiya, 'yar Baffanka Bawa. Ina da shekara huɗu lokacin da mahaifinka, Baba Manu, ya rasu, mahaifiyarka Inno ta koma da kai gidansu a Shagari. Ban riƙe fuskarka ba, kai ma ban sa ran ka riƙe tawa ba. Yanzu ina koyarwa a firamare. Mijina Maniru tela ne a kasuwar Bodinga, muna zaune tare da Baba, mahaifina, saboda idanunsa sun mutu bara. Na je biki Shagari na shiga gaida Inno, ita ta ba ni adireshinka na Kaduna.

Baba ne ya sa ni rubuto maka. Gari ya taso har ya iso gindin tudunmu. Inda ka sani gonakin gero ne, yanzu gidajen bulo ne na ma'aikata. Watan jiya wani ɗan kwangila ya zo da 'yan siyasa su uku, suka zaga duhuwar itatuwan nan ta bayan gidaje, suka ce suna so a share ta a yanka filaye. Sun yi wa Baba magana mai daɗi, har da alkawarin kujerar Makka. Ya bari sai da suka gama, sannan ya ce: "Ba nau na ba. Da anka raba gado, gona taf faɗo min, duhuwa taf faɗo ma Manu. Manu ko ya bar ɗa. Ku tai ku tambaye shi."

Bayan sun tafi ya ce in nemo ka. Ya ce shekara ashirin da uku yana riƙe da amanarka, yana so ka zo ka gani da idonka ko reshe bai ɓata ba. "Ki ce shi taho in ji muryatai tun ina da sauran kunne." Haka ya faɗa, haka na rubuta.

Ƙanwarka,
Hasiya Bawa

*

Kaduna
2 ga Mayu, 1982

Ƙanwata Hasiya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta ta sau uku a bakin ƙofar masaƙa kafin in shiga aiki. Muna lafiya, ni da matata Uwani da yara biyu. Allah ya ba Baffa haƙurin idanunsa, ya sa kaffara ne.

Kin yi kuskure a abu ɗaya. Na riƙe ki. Ke ce mai kuka duk lokacin da aka hana ki bin mu ɗibar kanya.

Abin da na riƙe na tudun kaɗan ne. Akwai wata babbar tsamiya bayan masallaci, na taɓa faɗowa daga kanta, har yau tabon yana gwiwata. Sai kuma ranar da aka ɗauki makarar Baba aka bi da ita ƙarƙashin itatuwa, ina biye, ina kallon yadda inuwa take wucewa a kan likkafanin. Inno ba ta son zancen wurin, ko na tambaya sai ta kawo wata magana. Na girma ban san me ya sa ake kiransa Tudun Mode ba, ban da cewa sunan kakanmu ne. In kin samu sarari, ki zauna da Baffa ki rubuto mini yadda aka fara.

Ki gaya masa ya yi daidai. Ba na sayarwa, ba na bayarwa. Ki durƙusa ki gaishe shi a madadina, ki ce masa in Allah ya kai mu Babbar Sallah tare da shi zan yi ta.

Yayanki,
Lirwanu

*

Tudun Mode
17 ga Oktoba, 1982

Yaya Lirwanu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina gajiyar Sallah? Muna lafiya, kaka ta yi kyau daidai gwargwado.

Ba ka zo ba. Ba zan ɓoye maka ba, Baba ya sa an gyara ɗakin mahaifinka, an yi masa sabon daɓe. Ranar jajibere ya wuni a zaure, duk motar da ta tsaya a hanya sai ya ɗaga kai. Da aka kwana uku ya ce, "Aikin Nasara na, ba shi barin mutum." Bai ƙara tayar da maganar ba.

Ga labarin da ka tambaya, kamar yadda ya ba ni.

Kaka Mode mutumin Horo Birni ne, makiyayi. A shekarar wata babbar yunwa, farkon zaman Turawa, shanunsa suka ƙare. Ya kama hanyar Sakkwato da ƙafa, shi da matarsa, tana goye da mahaifinka. Da suka iso nan ƙarfinta ya ƙare, suka hau tudun don su sami inuwa. Babu kowa a wurin sai birai. Wata huɗu suka yi a kai. Abin da suka ci: aduwa, kanya, ɗinya, magarya, ganyen kuka, da zumar da Kaka yake samu a kogon icce. Waɗanda suka wuce su a hanya da yawa ba su kai birni ba. Da ruwa ya sauka ya kafa bukka, ya ce muddin jininsa na nan gatari ba zai taɓa ɗanyen icce a tudun nan ba.

Daga baya mutane suka riƙa zuwa. Maƙera daga Mandera, dukawa, sai teloli irin dangin Maniru. Yanzu gida talatin da ɗaya ne, duka a fuskar gabas. Fuskar yamma ita ce duhuwa, ita ce taka.

Dokar Kaka tana nan. Busasshen icce na kowa ne, amma mai jego ce farko, don ruwan wanka, sai itacen kabari. Ɗorawa rana ɗaya ake kaɗe ta, matan unguwa su haɗu su yi daddawa a raba gida-gida. In mutum ya sari ɗanye, ba a kai shi ko'ina, sai dai ranar Juma'a bayan la'asar a kira shi gindin tsamiyar da ka faɗo, ya tsaya gaban dattawa ya faɗi dalilinsa. Baba ya ce a rayuwarsa sau biyu kawai aka yi haka. Mutanen cikin gari suna mana ba'a, wai mun mai da itatuwa dangi, amma da bazara sai ka gan su sun hauro da tabarminsu.

Baba kullum da hantsi yana zagawa da sandarsa. Yana shafa bawo ya gaya maka ko wane icce ne, da wanda ya girme shi, da wanda ya girma. Jiya ya tsaya wurin wani marke ya ce, "Wanga da Lirwanu sa'o'i na."

Ka gaida Uwani da yara.

Hasiya

*

Tudun Mode
29 ga Agusta, 1984

Yaya Lirwanu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Takardunka biyu na bara sun iso, na karanta wa Baba uzurinka, ya ce Allah ya kawo lokaci. Na gode da atamfar da ka aiko wa 'yata Bilki ta suna. Yanzu watanta goma sha huɗu.

Ka yi haƙuri, yau ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Tun da sojoji suka karɓi mulki ɗan kwangilar nan bai sake zuwa ba, mun ɗauka mun huta. Ashe abin da ke tafe ya fi shi. Bara cutar shanu ta share garken mutanen Shagari da namu, kakar ma ba a samu abin kirki ba. Bana ruwa ya yi sau huɗu ya ɗauke. Geron ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rumbuna sun ƙare tun kafin azumi. Dangin mutane daga Mandera da Horo Birni sun taho sun sauka a kanmu, gidan da ke da baki takwas yanzu sha biyar ne. Ɗinkin Maniru ya tsaya, ba wanda ke zancen sutura.

Duhuwa ta yi iya yinta. An tsige kuka har ba sauran ganye, an kaɗe aduwa tun tana ɗanya. Lokacin Kaka mutum uku ta ciyar. Yanzu mun fi ɗari uku.

Shatu maƙwabciyarmu, matar maƙeri, ta binne ɗanta ranar Talata. Shi ne yaro na huɗu a unguwa cikin wata ɗaya.

Akwai wani mai gingimari da ke kai wa gidajen burodi icce a Sakkwato. Ya ce in za a bar shi ya sari manyan itatuwan duhuwa, zai biya da dawa, ba da kuɗi ba, abin da zai riƙe unguwa har a ga hali. Ranar Juma'a dattawa suka taru gindin tsamiya suka roƙi Baba. Liman da kansa ya yi magana. Baba ya yi kuka a gabansu, abin da ban taɓa gani ba, ya ce: "Ku roƙe ni raina in ba ku. Wagga ba tau ta ba. A tambayi mai ita."

To, ga tambayar. Ba na ce maka ka yarda ba, ba na ce ka ƙi ba. Amma ka amsa da wuri, kuma kada ka sa a gidan waya. Ka ba Ɗanbaba direba, wanda ya kawo maka wannan, ranar Asabar zai juyo.

Hasiya

*

Kaduna
1 ga Satumba, 1984

Hasiya,

Na samu saƙo. Ina cikin wani hali, ba zan iya dogon rubutu ba, Ɗanbaba yana jira.

Zancen itatuwa, maganata ɗaya ce: ku tsare su. Baffa ya san abin da ya sa Kaka ya bar su, ba sai na tuna masa ba. In Allah ya buɗa zan aiko da abin da ya sawwaƙa.

Ki gaida kowa.

Lirwanu

*

Tudun Mode
28 ga Oktoba, 1984

Yaya Lirwanu,

Bayan gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba, abubuwa ne suka yi yawa.

Takardarka ta iso, na karanta wa Baba a gaban liman da dattawa. An fara sara kwana biyu bayan haka. Sati uku aka yi ana yi. Mai gingimari ya cika alkawari, dawa ta zo, liman ya raba ta bisa yawan bakin kowane gida. Tun tsakiyar watan jiya sau biyu kawai aka haƙa kabari a unguwar nan.

An bar tsamiyar masallaci da kukoki, tunda kuka ba ta wuta, da 'yan ƙanana da ba su isa sara ba. Sauran duk sun tafi. Yanzu daga ƙofar gidanmu ana hango hanyar Shagari.

Kowace Juma'a ana sa sunanka a addu'a. Shatu ta ce in gaya maka sauran 'ya'yanta uku suna tafiya da ƙafafunsu, ba ta da abin ba ka sai fatiha.

Baba ya daina zagayen hantsi. Yana cin abinci kaɗan, yana yawan zama a ɗaki.

Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan yau.

Hasiya

*

Funtuwa
9 ga Fabrairu, 1985

Hasiya,

Takardarki ta Oktoba jiya ta zo hannuna. Masaƙa ta sallame mu, mu ɗari huɗu, tun watan Satumba. Na kai Uwani da yara gidan iyayenta, ni ina nan Funtuwa ina dakon auduga. Wani tsohon abokin aiki ne ya tsinci takardar a ofis ya biyo ni da ita.

Na karanta ban gane ba, na sake karantawa. Sara? Wa ya ce a sara? Na san abin da hannuna ya rubuta. Cewa na yi ku tsare su. Ku tsare. Ke malamar makaranta ce, ba za ki ce mini ba ki san bambancin ba.

Ko dattawa ne suka danne ku? Ko mai motar ne ya sayi wani? Ki faɗa mini gaskiya wa ya karanta takardar, kuma tana ina yanzu. Kina gaya mini ana yi mini addu'a a kan abin da ban yi ba. Abu ɗaya ubana ya bar mini a duniya. Na rasa aiki, na rasa ɗaki, ina ta gaya wa kaina ko ba komai ina da wurin da zan koma in zauna a inuwa.

Ki karanta wa Baffa wannan, kalma-kalma. Ya sani ni ban ce a sa gatari a kan abin da ya tsare mini ba.

Lirwanu

*

Tudun Mode
3 ga Maris, 1985

Yaya Lirwanu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan iya karanta wa Baba takardarka ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, sha bakwai ga Janairu, bayan sallar azahar. Na rubuta maka a adireshin masaƙa, na ga alama ba ta same ka ba. Ba ciwo ya yi mai tsanani ba, ƙarfi ne ya yi ta raguwa. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri, kai ma ubanka ne.

Ka tambayi gaskiya. Ba wanda ya danne mu, ba wanda aka saya. Ni na karanta, kuma takardar tana cikin akwatina.

Ɗanbaba ya ajiye ta a aljihun mota kusa da galan na baƙin mai, man ya zuba ya jiƙa gefenta. Da na buɗe, layin nan yana nan, amma akwai baƙin tabo daidai farkon kalmar. Abin da ya fito fili shi ne "sare su". Sai dai tsakanin "ku" da "sare" akwai fili da ya fi na sauran kalmomi faɗi. Na gani. Na san in na ɗaga takardar ga rana zan ga abin da ke ƙarƙashin tabon. Rana kuwa tana nan, a zaure muke, da hantsi.

Bilki tana kan cinyata. Kwana biyar ke nan nonona ya ƙafe, kunun dusa nake ba ta tana mayarwa. Ta daina kuka, sai dai ta buɗe baki. Liman da dattawa bakwai suna zaune suna kallon bakina. Sai na karanta: "Ku sare su."

Baba ya ce, "Mi kic ce?"

Na sake faɗa.

Ya ce, "Sake karanta min tun daga sama."

Na karanta tun daga sama. Da na zo inda ka ce ya san abin da ya sa Kaka ya bar su, liman ya ce, "Gaskiya ne, don ceton rai ya bar su." Kowa ya yi hamdala. Baba ya ce, "Haka yac ce? To, abinai na." Ya lalubi sandarsa ya shiga ciki.

Ranar da marken farko ya faɗi na fito bayan ɗaki na ɗaga takardar ga rana. Harafin yana nan, ana ganinsa sarai. Da na so, a ranar ma zan iya tsayar da su, icce ɗaya kawai aka kayar. Na ninke ta na mayar akwati. Ko Maniru bai sani ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, kuma dole in faɗa maka tunda saƙo ne. Kwana biyu kafin ya rasu ya kira ni. Ya ce: "Ki ce ma Lirwanu na yi hushi da shi, amma ya wuce. Yaro na, bai san wurin ba. Na yafe mishi duniya da lahira." Na buɗe baki in gaya masa. Na rantse maka na buɗe. Sai na ga in na faɗa, zai tafi yana sane da cewa 'yarsa ce ta sa ya ci amanar da ya riƙe shekara ashirin da biyar. Na ce, "To, Baba, zan gaya masa."

Na ɓata maka gadonka, na ɓata maka suna wurin mutumin da ya fi kowa son ka. Ban ce ka yafe ba. In kana so in tsaya gindin tsamiya ranar Juma'a in faɗa a gaban dattawa, zan tsaya. Ka rubuto kawai.

Hasiya

*

Funtuwa
12 ga Janairu, 1986

Ƙanwata Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina yi miki ta'aziyyar Baffa, ko da ta zo a makare da shekara guda. Allah ya haskaka kabarinsa. Ina lafiya. Na samu aikin awo a wurin sayen auduga, Uwani da yara sun dawo wurina.

Wata goma takardarki tana aljihuna. Na fara amsa ta ya fi sau goma, ina yagawa. Waɗanda na fara rubutawa, gara da ba su iso gare ki ba.

Da damina na je Shagari duba Inno. Motarmu ta tsaya a Bodinga ana sauke kaya. Na leƙa ta taga ina neman tudun, na kasa gane shi, sai da wani fasinja ya nuna mini. Ruwa ya fara zaizaye fuskar yamma, jar ƙasa ta fito. Minti ashirin muka yi a tsaye. Ban sauka ba.

A Shagari na gaya wa Inno an sare duhuwa, ban gaya mata yadda aka yi ba. Na zaci za ta yi baƙin ciki ko ta yi shiru yadda ta saba. Sai ta ce, "Mutum nawa suka mutu kafin a sare?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ba ka tambaya ba?"

Da na dawo na nemo takardarki ta watan Agusta, wadda Ɗanbaba ya kawo. Hasiya, ranar da ta zo ita ce ranar da aka liƙa sunayenmu a allon masaƙa. A tsaye na karanta ta, idona yana tsalle, na ga "gingimari", na ga "sara", na ɗauka wani ɗan kwangilar ne kuma. Layin ɗan Shatu ban gan shi ba sai da na sake karanta ta. Yaro na huɗu cikin wata ɗaya. Kin rubuta shi da kyakkyawan rubutu, ba tabon mai a kansa, ni ne ban karanta ba. Na amsa miki a kan bayan motar Ɗanbaba cikin minti biyu, ina jin haushin duniya, ina so a ce akwai abu ɗaya da ba wanda ya isa ya karɓe mini.

Da a ce na karanta ta yadda ya kamata a ranar, ban san me zan ce ba. Ina so in ce da na yarda. Ban tabbata ba.

Zancen yafiyar Baffa shi ya fi cin raina. Na daɗe ina jin an ba ni abin da ba nawa ba. Yanzu na karɓa. Mutumin nan ya gyara mini ɗaki ya zauna a zaure yana sauraren mota. Shekara uku ina aiko masa da uzuri. Ina da laifin da ya isa a yafe, ko da ba shi yake nufi ba.

Kada ki tsaya gaban kowa. Mutanen unguwa su ci gaba da zaton da suke yi, takardar kuma ki ƙona ta. Abin da ke tsakanina da ke na yafe, ke ma ki yafe mini kalaman da na rubuto daga nan.

Ina so in zo bayan an gama awon auduga, in ga kabarinsa. Kafin nan akwai abin da na lura. Takardunki biyu na samu tun bayan saran, kin ba ni labarin 'ya'yan Shatu, kin ba ni na liman. Ba ki ce mini komai ba a kan Bilki. Yaya take?

Yayanki,
Lirwanu

*

Tudun Mode
2 ga Fabrairu, 1986

Yaya Lirwanu,

Wa alaikumus salam. Na gode. Na karanta, na yi abin da ka ce da takardar.

Bilki ta rasu kwana tara bayan dawar ta iso. Cikinta ya riga ya daina karɓar abinci. Cikin kabari biyun da na ce maka an haƙa, ɗaya nata ne. 'Yar fari ce, ka san ba a son uwa ta yi ta ambato, amma ba kunya ce ta hana ni faɗa maka ba. Na ji tsoron kada ka ɗauka ina neman ka tausaya mini ne kafin ka yanke hukunci.

Itacen kabarinta daga duhuwarka aka ɗebo, shi ma ban nemi izninka ba.

Ka zo. Maniru ya ce ka sauka a tasha ka tambayi rumfarsa, zai rako ka, don hanyar da ka sani ruwa ya cinye ta. Mutane za su taru su yi maka godiya, Shatu za ta kawo 'ya'yanta ka gan su. Ka daure ka amsa musu. Ni zan kasance a bayansu, ba zan iya ɗaga kai ba, kada ka ɗauka ban yi murna da zuwanka ba.

Bilki tana kusa da Baba, taku uku tsakaninsu. In ka gama da shi, ka tsaya mata kaɗan. Ita ma ba ta samu jin muryarka ba.

Ƙanwarka,
Hasiya